Takardar Gidan Omma

Shafi na 19

Masu bina da saƙo tun shekaranjiya, na gani, na gode, mura ce ta kayar da ni, ba yanga ba. Ke kuma Maman Hibba da kika rubuto min cewa Omma muguwar tsohuwa ce, a ba ki ita minti biyar kawai, to gyara zama. Ni dai ba zan ce komai ba.

Waɗanda suka shigo yau kuma, ga inda muke. Dok-su manomin kankana ne a wani ƙauye a Haman, can kudancin Koriya, shekararsa arba'in da huɗu. Matarsa Chenda 'yar Kambodiya ce, ta yi shekara huɗu tana aiki a gonakin ƙauyen, takardarta ta ƙare ta koma gida, shi kuma ya bi ta can aka ɗaura aure. Yau shekara ɗaya da wata biyu, amarya tana can ango yana nan. An hana ta biza sau ɗaya saboda maganar gida, an ce sai bayan wata shida su sake nema. Wata shidan ya cika.

*

Malam Pyo ya jera takardu biyu a kan tebur, ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar ya sake dubawa. Sannan ya miƙe ya haɗa wa Dok-su kofi. Mutumin nan shi ke shirya wa rabin gundumar takardun gado da na fili, kuma kowa ya san ko ruwa ba ya bayarwa sai in labarin ba daɗi.

Shi fa Dok-su da murnarsa ya zo. Jiya ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya tsallake maganar Omma, mahaifiyarsa. Tun bara Omma ta ce kar ya kuskura ya sa gidanta a takardar biza, bana ma ta maimaita, ba dalili ba bayani. Shi kuwa ya gaji, ya je ya ciro takardar mallakar gidan ba da saninta ba. Da ya ga sunan da ke kai har dariya ya yi shi kaɗai a mota. Tak Byong-ho. Kakansa. Mutumin da suke jera wa abinci duk shekara su durƙusa, wanda kabarinsa ne na can sama a kan tudun bayan gida. A ganin Dok-su magana ta ƙare, gidan kaka ya zama na uba, na uba ya zama na 'ya'ya, sa hannu kawai ya rage.

Don dokar nan ya haddace ta fiye da lambar wayarsa. Gidan da za ka ajiye matarka sai ya kasance da sunanka, ko na iyayenka, ko na ɗan'uwanka na ciki ɗaya, ko saye ko haya, amma da takarda. Karon farko bawan Allah gaskiya ya rubuta musu, ya sa kwantenar da yake kwana a cikinta a rumfar ledar kankanarsa shekara goma sha ɗaya, har da hotuna ya haɗa, ya share ɗakin tas ya sa sabon labule mai furanni. Suka ce rumfar leda ba gida ba ce. Ya je wajen yayansa Dok-man a birnin Changwon, yayan ya ce shi gidansa ba masaukin baƙin haure ba ne. Gidajen da ke zaune ba kowa a ƙauyen duk ba su da takarda. Na cikin gari kuwa, wanda hannunsa zai iya kaiwa kafin girbin kankana irin ɗakunan nan ne na ɗalibai da in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa, su ma hukuma ba ta karɓa. Saura gidan Omma.

Malam Pyo ya zauna, ya tura masa kofin.

"Dok-su, wa ya ce maka mutumin nan kakanka ne?"

Dok-su ya yi 'yar dariya, ya ce wannan wace irin tambaya ce, ai ranar Lahadin nan ma zai hau ya yanke masa ciyawar kabari kafin bikin da ake yi lokacin kaka, kamar yadda yake yi tun yana iya riƙe lauje.

Malam Pyo bai yi dariya ba. Ya juyo masa da takarda ta biyu, tsohuwar rajistar iyalin mahaifinsa, ya ɗora yatsa a kan gurbin da ake rubuta sunan uba. Ba komai. Ya zame yatsan zuwa gurbin uwa. Ba komai. Ya ce rajistar nan da sunan Tak Chun-bae aka buɗe ta shi kaɗai, yana da shekara goma sha bakwai, ba ta jingina da ta kowa ba. Ta Byong-ho kuma ya nema ya duba, 'ya'ya uku ne a ciki, babu Chun-bae. Sunan gida ne kawai ya zo ɗaya.

Dok-su ya daɗe yana kallon fararen gurabun nan biyu. Can ya ce, to gidan na wa ne?

"Na magadan Byong-ho. Kai da mahaifiyarka, a takarda, zama kawai kuke yi."

Hanya ɗaya ta rage, in ji Malam Pyo. A nemo magajin, ya yarda ya buga hatiminsa a takardar haya da sunan Dok-su, ko da hayar ta suna ce kawai. In aka samu wannan akwai fata. Amma ya tuna sauran takardunsa, na asibiti da na 'yan sanda, kwana goma sha bakwai ya rage musu su mutu. Da Dok-su ya miƙe, tsohon ya raka shi har bakin ƙofa, abin da ba ya yi wa kowa, ya ce ya fara zuwa gida ya tambayi Omma, kuma don girman iyaye ya yi mata a hankali.

Yana shiga 'yar a-kori-kurarsa saƙon Chenda ya shigo. Oga, ka ci abinci? Tun tana aiki a gonar maƙwabcinsa take tsokanarsa da wannan sunan, aure bai sa ta daina ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne wata biyu ke nan ta daina tambayar maganar biza. Da kullum sai ta tambaya. Yanzu sai abinci, sai kankana, sai ya jikin Omma. Ya san matan unguwarsu a can Kambodiya suna kiranta matar waya, ƙanwarta ce ta faɗa masa, ita ba ta taɓa faɗa ba.

Ya rubuta mata, na ci. Ƙarya ce, ko kofin Malam Pyo bai taɓa ba.

*

Omma tana tsugune a tsakar gida tana juya jan barkono a kan tamfol, rana tana dukan bayanta. Shekara saba'in da bakwai, bayan ya lanƙwashe, amma hannun nan har yanzu ya fi na budurwa sauri. Ga injin yankan ciyawa ta jingine a bango, har ta sa an sayo masa mai. Ko juyowa ba ta yi ba ta fara faɗa, wai wane irin manomi ne zai bar rumfa da tsakar rana yana yawon gari da takalmin biki.

Dok-su ya zaro takardar mallakar gidan. Ya zo ya ajiye ta a kan barkonon, daidai gaban hannunta.

Omma karatunta bai yi nisa ba, amma wannan sunan ta san shi. Hannun ya tsaya.

"Na hana ka."

"Kin hana ni."

"To me ya kai ka?"

A hankalin da Malam Pyo ya roƙa, wallahi ko minti ɗaya bai yi ba. Abin da Dok-su ya haɗiye shekara guda duk ya taso. Ya ce shi bai taɓa neman komai a wajenta ba. Yayansa aka kai jami'a, shi aka bari da gona, bai ce uffan ba. Ya kai arba'in ba mata, 'yan ƙauye suna masa dariya, bai kawo mata kuka ba. Sau ɗaya a rayuwarsa ya samu wadda ta dube shi ta ga mutum, sai ita uwar da ta haife shi ta tsaya a ƙofa ta tare. Ya ce in fatar Chenda ce ba ta yi mata ba ta faɗa, in harshenta ne ta faɗa, in kunyar matan ƙauye take ji ta faɗa, ya gaji da wannan shirun.

Omma ba ta ɗago ba. Ta ɗauki barkono ɗaya tana murza shi har ya fashe a hannunta.

Sai ya durƙusa a gabanta, muryar ta sauka.

"Omma, wane ne Tak Byong-ho?"

"Kakanka."

"Omma."

"Na ce kakanka ne."

"Na ga rajistar Baba. Ba uba, ba uwa."

Hmm. Jama'a, na so ku ga fuskar tsohuwar nan. Ba kuka ta yi ba, ba faɗa ta yi ba. Zama kawai ta yi daɓas a ƙasa, ta miƙe ƙafafu kamar yarinya, ta dubi tudun bayan gida ta daɗe. Sannan ta ce ya taimaka mata ta tashi, ba a tsakar gida ake wannan maganar ba.

Suka zauna a barandar katako. Ta goge hannu da zanen aikinta, ta fara, idonta a kan gwiwoyinta.

Ta ce mahaifinsa bai fi shekara biyar ba lokacin yaƙin Koriya. Daga arewa suka gudo shi da uwarsa, a wata tashar jirgin ƙasa turmutsutsu ya raba hannunsa da nata, shi ke nan. Bai san sunan garinsu ba, bai san sunan gidansu ba, sunan da uwar take kiransa kawai ya riƙe, shi ma na shagwaɓa ne, ba na takarda ba. Ya bi mutane har ya faɗo ƙauyen nan, aka tsince shi yana barci a turken shanun gidan Byong-ho. Suka ba shi abinci, suka ba shi aiki. Ba su zalunce shi ba, ba su kuma mai da shi ɗa ba. Da ya isa yin rajista aka tambaye shi sunan gida, ya rasa, sai maigidan ya ce a rubuta nasa.

Da arziki ya ja su Seoul, suka sayar da babban gidan da gonakin, suka bar tudun kaburbura da wannan ɗan gidan na gindinsa. Suka ce Chun-bae ya zauna a ciki, ya noma ɗan filin, shi kuma ya riƙa yanke ciyawa yana kula da kakanninsu. Irin aikin da a da in an ce wane ke yi, ko ɗiyar mahauci ba a ba shi. Shekarun farko suna zuwa da motoci, daga baya sai waya sau ɗaya a shekara, a tambaya an yanke ciyawa? Omma ce ke ɗauka, ta ja wayar ta shige ɗaki.

Dok-su ya ce to mutanen ƙauye fa? Ai ba zai yiwu a ce ba wanda ya sani ba.

Ta ce ranar da aka haifi Dok-man, mahaifinsu ya sayi giyar shinkafa tulu guda, ya ɗauka a baya, ya bi gida gida. Mutanen da suke ce masa kai yaro yana da gemunsa, ya durƙusa a gaban kowannensu, ya zuba musu da hannu biyu, ya roƙe su abu ɗaya.

"Ya ce su kira shi duk abin da suka ga dama har ya mutu. Amma 'ya'yansa, in an tambaye su 'yan wane gida ne, a bar su su nuna tudun nan."

Kuma sun bar su. Shekara hamsin, ƙauye guda, da masu shan giya da masu tsegumi da waɗanda suka yi rigimar ruwan gona da Chun-bae har da dambe, ba wanda bakinsa ya taɓa suɓucewa. Yawancinsu yanzu suna ƙasa. Malam Pyo ma ya sani, ubansa yana cikin waɗanda suka sha giyar.

Dok-su ya tuna yadda mahaifinsa yake tsayar da su a jere a gaban kabarin sama, ya gyara musu ƙafa, ya nuna musu hannun da ake ɗorawa a kan ɗaya, ya ce ku gaida kakanku. Ya tuna yayansa da ke cika baki a wajen biki, wai su zuri'ar malaman fada ne, har hoton tudun ya rataye a falonsa. Abin ya so ya ba shi dariya, sai kuma ya ji hawaye.

"To ni wa nake durƙusa wa duk shekarun nan?"

"Ni ma na tambayi babanka haka, ina amarya."

"Ya ce me?"

"Ya ce shi in ya sa goshi a ƙasa uwarsa yake gani. Bai san inda ta faɗi ba, shi ya sa ya ari kabari."

Nan Dok-su ya kifa kai a gwiwa. Ƙato mai arba'in da huɗu, kafaɗun nan suna jijjiga. Omma ba ta rarrashe shi ba, ta dai ɗora hannu a ƙeyarsa ta bari, hannun yana ƙamshin barkono.

Da ya lafa sai ta dungure masa kai, ta koma Ommarta ta kullum. Ta ce shi kuma sakarai, wai fatar Chenda. Ranar da ita Omma ta zame a kan kunyar gona ƙafarta ta karye, wa ya goyo ta tun daga can har bakin titi? Shi yana ina? Yana kasuwa yana gardamar farashi. Yarinyar nan ko kilo hamsin ba ta kai ba, ta goya ta tana haki tana ce mata Omma ki riƙe ni da kyau. Ita za ta ƙi?

Ta ce ya tashi ya buɗe durowar ɗakinta, ɓangaren hagu.

Ya buɗe. Bargon amarya ne, ja da shuɗi, mai kaurin auduga, ɗinkin hannu. An naɗe shi cikin leda, an sa maganin asu. A samansa ga matasai biyu. Omma ta ce daga baranda, tun satin da ya dawo daga Kambodiya ta fara shi, da idonta da ba ya ganin ramin allura sai maƙwabciya ta zura mata zare. Ta ƙara auduga fiye da yadda ake sawa, don yarinyar ba ta jure sanyi, duk shekara huɗun nan leɓenta tsagewa yake.

Dok-su ya tsaya riƙe da ƙofar durowar, kunya kamar ta kashe shi. Wata shida ya yi ba ya cin abincin gidan nan don fushi. Tana aiko masa da kimchi, kabejin yajin nan nasu, yana mayarwa.

Ya dawo ya zauna, ya ce to me ya sa ba ta faɗa masa ba tun bara? Da sun nemi magajin, da yanzu Chenda tana nan.

Omma ta ce alkawarin rufe maganar da ta yi wa mahaifinsa shi ne dalili ɗaya, na biyun kuma tsoro ne. Wanda yake kiranta duk shekara, ɗan Byong-ho, ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ɗansa ne ya kira ya sanar, kuma daga jin muryar, lambobin da ke wayar ubansa kawai yake bi, bai san ko ita wace ce ba. Tun daga ranar ba wanda ya sake tambayar ciyawa. Yaran Seoul ne, ba su taɓa taka ƙauyen ba. A nata ganin ba su ma san da gidan ba.

"In ka je neman hatimi, ka gaya musu suna da abin sayarwa."

Bai buƙaci ta ƙarasa ba. Sabon titi ya ratsa ta gefen tudun bara, 'yan birni suna ta zuwa suna auna filaye. In magajin ya farga, ba takardar haya zai buga wa hatimi ba. Omma za ta tashi daga gidan da ta shiga tana da shekara ashirin da huɗu. Mahaifinsa ma da ke kwance a can ƙasan tudun, a gindin waɗanda ya yi wa aiki, sai an tone shi.

Dok-su ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. Ya ce a bar maganar. Ba zai nemi kowa ba. Zai jira girbi, ya kama haya mai takarda a gari, ya sake yin na asibiti da na 'yan sanda daga farko. In ya so zuwa bazara mai zuwa. Chenda mai haƙuri ce, zai yi mata bayani.

"Shekararta nawa?"

"Talatin da bakwai."

"Ina talatin da bakwai yayanka yana aji biyar na firamare."

Ya ce ya sani.

"Ba ka sani ba. Kai namiji ne, bazara a wajenka kankana ce."

Ta ce tana ganin yarinyar a waya in suna magana, tana leƙowa ta bayansa yana zaton ba ta kallo. Fuskar ta faɗa, dariyar ma ta ragu. Macen da ta daina tambaya ba haƙuri take yi ba, shirin cire rai take. Ta ce shekara guda ta ci daga rayuwar yarinyar mutane saboda tsoro, kullum in ta kwanta abin yana danne mata ƙirji, ba za ta ƙara cin wata ba. Ta riƙe wa mamaci alkawari shekara hamsin, ai ta yi ƙoƙari, in sun haɗu ya yi mata faɗa.

Ta dafa ginshiƙi ta miƙe, ta shiga ɗaki. Dok-su ya bi ta. A cikin ƙofar durowar, ƙasa ƙasa inda ba mai lura, akwai lambar magajin da aka rubuta da fensir, manyan baƙaƙe karkatattu irin rubutunta. Ta ciro wayarta daga aljihu.

Ya riƙe mata hannu. Ya ce don Allah ta bari su yi shawara, ko da Malam Pyo ne, ko kwana ɗaya ne. Ya ce in aka kore ta daga gidan nan saboda shi, ba zai iya kallon fuskarta ba, Chenda ma in ta ji ba za ta yarda ba.

Omma ta buge hannun.

"In an kore ni ba ga kwantenarka ba? Ni ai ba biza nake nema ba."

Ta ƙara da cewa yayansa dai kar ya ji daga bakin kowa, ita za ta gaya masa da kanta, in ya so ya sauke hoton.

Ta danna lambobin ɗaya bayan ɗaya, tana duba durowa tana duba waya, ta yi kuskure ta goge ta sake. Kafin ta danna na kira sai ta ajiye wayar, ta cire zanen aiki, ta shafa gashinta baya, ta gyara wuyan riga. Ta tsaya a tsaye, ƙafa a haɗe. Dok-su bai taɓa ganin ta tsaya wa kowa haka ba, matar da shugaban ƙauye ma in ya hango ta yake canza hanya.

Sautin wayarta kullum a ƙure yake saboda kunnenta, don haka yana jin komai. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Har ya fara addu'a a ransa kar a ɗauka. Sai aka ɗauka, muryar namiji ce, mai sauri, irin ta wanda yake cikin aiki, ana jin ƙarar maɓallan kwamfuta a bayansa.

Omma ta riƙe wayar da hannu biyu, ta sunkuyar da kai ga mutumin da ba ya ganinta, ta yi magana da wata murya da Dok-su bai san tana da ita ba.

"Ranka ya daɗe, ƙaramin maigida, ka gafarce ni na katse maka aiki. Matar Chun-bae ce, mai gadin kaburburanku, daga Haman. Alfarma nake nema a kan gidanku da muke ciki. Surukata ce take can waje, an ce sai da hatiminku za ta..."

Ƙarar maɓallan ta tsaya.

Aka ji kujera ta motsa, aka ji an rufe ƙofa. Da muryar ta dawo, saurin nan duk ya tafi.

"Dakata, Kaka. Muna da gida a Haman?"

Omma ta dubi Dok-su. Muryar ta sake fitowa daga wayar.

"Filin babba ne?"